Daga dajin Dindir zuwa cikin waya: yadda masu tsattsauran ra'ayi ke farautar zukatan matasa

Duk wanda ya san Gadarif kafin Afrilun 2023 ya san ta da riɗi da dawa, da manyan gonakin da ake nomawa da tarakta, da kasuwar amfanin gona wadda 'yan kasuwar Sudan ke sauraron farashinta duk kaka. Yanzu garin ya ƙara wata kama. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar da kuma Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka yi ta kwarara cikin jihar. An mayar da makarantu masaukin 'yan gudun hijira, gidan da ke da mutum goma ya koma na talatin. A Oktoban 2023 asusun UNICEF ya ce yara kimanin miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a faɗin Sudan.

Saurayin da aka katse wa karatu, ko wanda ya baro sana'arsa a Khartum, safiyarsa da maraicensa duk ɗaya ne. Yana zaune a gindin bishiya wajen mai shayi, abin da ya rage masa na kansa shi ne wayar da ke hannunsa. Iyaye kan ce gara ya zauna yana latse-latse da ya shiga gari ya haɗu da abokan banza. Sai dai abokan banzan sun daɗe da gano hanyar shiga cikin wayar.

Abin ba baƙo ba ne a wannan yanki. A ƙarshen 2012 jami'an tsaron Sudan sun kai samame wani sansani a gandun dajin Dindir, wanda ya ratsa jihohin Sinnar da Blue Nile da Gadarif har zuwa iyakar Habasha. An yi musayar wuta, an kama mutum fiye da ashirin. Abin da ya ba jama'a mamaki shi ne waɗanda aka kama ɗin: ba 'yan fashin daji ba ne, matasa ne, a cikinsu har da masu ilimin jami'a, waɗanda suka bar gidajensu suka shiga daji koyon harbi da niyyar tafiya yaƙi a wasu ƙasashe.

Shekara biyu da 'yan watanni bayan haka, a Maris ɗin 2015, ɗalibai da sabbin likitoci tara, maza da mata, daga jami'ar koyon aikin likita ta UMST da ke Khartum suka hau jirgi zuwa Turkiyya, daga can suka tsallaka Siriya yankin da ƙungiyar IS ke riƙe da shi. A watan Yuni wani rukunin ya bi bayansu. Jami'a ce mai zaman kanta mai tsadar kuɗin makaranta, kuma da yawa daga cikin yaran a Birtaniya suka tashi, 'ya'yan likitoci da masu hali. Iyayensu sun kai su Sudan ne don su yi karatu kusa da dangi, su san addininsu da al'adarsu. Wasu iyayen sun bi su har kan iyakar Turkiyya da Siriya suna roƙon su dawo. Da dama daga cikin yaran a can suka mutu.

Waɗannan ba yunwa ce ta kore su ba, kuma ba jahilcin boko ba ne. To mene ne?

Ƙishirwar zama wani

Masanin halayyar ɗan Adam Arie Kruglanski na jami'ar Maryland a Amurka ya shafe shekaru yana bibiyar wannan tambaya, har da tattaunawa da tsofaffin mayaƙa. Abin da ya tsaya a kai shi ne, kafin aƙida akwai wata ƙishirwa da kowane mutum ke da ita: ya ji cewa shi ma wani ne, ana ganin girmansa, rayuwarsa na da amfani. Idan aka wulaƙanta mutum, ko ya faɗi jarrabawa, ko aka kore shi daga gidansa, ko ya ga ana tozarta mutanensa bai iya yin komai ba, wannan ƙishirwar takan tsananta. Daga nan sai a sami labarin da zai ce masa ga wanda ya jawo maka wannan, ga kuma yadda za ka dawo da mutuncinka. Na uku kuma sai a sami jama'ar da za ta tafa masa idan ya karɓi labarin. Buƙata, labari, da jama'a. Idan babu ɗaya daga cikin ukun, da wuya tafiyar ta yi nisa.

Wannan ne ya sa ɗan likita a Khartum da ɗan manomi a ƙauyen Gadarif za su iya faɗawa rami ɗaya ta ƙofa daban-daban. Yaran UMST a Birtaniya ana yi musu kallon baƙi, a Khartum kuma ana yi musu dariyar Larabcinsu. Sai aka zo musu da maganar cewa akwai ƙasar da ba a tambayar fasfo, inda ake buƙatar likita ya ceci yaran da bom ya raunata. Ba a fara ce musu su zo su kashe kowa ba. An ce musu su zo su yi jinya. Mai farauta bai cika neman mugunta a zuciyar yaro ba, tausayinsa da kishinsa yake nema, don su ne suka fi sauƙin kamawa.

Marc Sageman, likitan ƙwaƙwalwa kuma tsohon jami'in leƙen asirin Amurka, ya bi tarihin mutum 172 da suka shiga ƙungiyoyin jihadi na duniya, ya wallafa sakamakon a 2004. Ya tarar mafi yawansu lafiyar hankalinsu ƙalau, ba 'ya'yan matalauta ba ne, kuma akasarinsu sun shiga ne a lokacin da suke zaune nesa da inda suka tashi, cikin kaɗaici, ta hanyar aboki ko ɗan'uwa. Abota ce ke fara zuwa, aƙida ta biyo baya. Hausawa sun riga shi faɗa: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ya kamata a tsaya nan a rage wa intanet wani laifin da ake ɗora mata. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fitar da rahoto a 2023 bayan tattaunawa da mutum kusan 2,200 a ƙasashe takwas: Burkina Faso, Kamaru, Chadi, Mali, Nijar, Najeriya, Somaliya da Sudan. Kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka shiga ƙungiyoyin da ƙafarsu sun ce neman aikin yi ne babban dalilinsu. Kusan rabi sun ce akwai wani abu guda da ya faru ya tunzura su, kuma kashi 71 cikin ɗari na waɗannan sun ambaci cin zarafi, galibi daga jami'an tsaron gwamnati. A ƙauyukan tafkin Chadi ba waya ce ta kai yawancin yara daji ba, maƙwabci ne ko yaya. Abin da wayar ta canja shi ne, maƙwabcin nan yanzu yana iya kasancewa a wata ƙasa, bai taɓa ganin yaron ido da ido ba, kuma yana iya hira da yara hamsin a dare ɗaya ba tare da uban ko ɗaya ya ji sallamarsa ba.

Yadda ake hawa matakalar

Fathali Moghaddam na jami'ar Georgetown ya kwatanta lamarin a 2005 da matakalar bene wadda ke ƙara ƙunci yayin da ake hawa. A ƙasa akwai miliyoyin mutane masu jin an zalunce su. Kaɗan ne ke hawa bene na farko, kaɗan daga cikinsu ke wucewa na biyu, kuma duk hawan da aka yi ƙofofin fita na raguwa. A waya ana iya ganin wannan matakala ƙarara.

A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara goma sha tara da ke zaune a ajin wata makaranta tare da iyayensa tun da suka baro Jazira. Da dare ya kalli wani gajeren bidiyo a TikTok ko Facebook na gawarwaki a wani ƙauye. Bidiyon na iya zama gaskiya, domin yaƙin Sudan bai bar ƙarancin irin waɗannan hotuna ba. Ya tsaya a kansa, ya sake kallo. Manhajar ba ta san halal ko haram ba, abin da ta sani shi ne ya daɗe a kan wannan, don haka gobe za ta kawo masa guda biyar irinsa. Ya rubuta magana mai zafi a ƙarƙashin ɗaya. Wani da bai sani ba ya amsa masa: "Wallahi ɗan'uwa, irinku ne suka rage masu kishi." Wata shida ke nan babu wanda ya yabe shi a kan komai.

Daga nan hirar takan koma saƙon sirri. Mutumin ba ya gaggawa. Zai tambayi lafiyar Inna, ya tambayi ko an ci abinci, wata rana ya turo masa kuɗin data ko 'yan fam ta Bankak. Zai saurari ƙorafinsa na awa biyu, abin da mahaifinsa, wanda ke fama da neman abin da za a ci, ba shi da sukunin yi. Masana na kiran wannan mataki ambaliyar ƙauna, kuma shi ne dai abin da mai yaudarar yarinya ke yi, shi ne abin da ɗan damfara ke yi. Kyautar da aka karɓa takan zama bashi a zuciya, ko da ba a ce a biya ba.

Sai gayyata zuwa wani zaure a Telegram ko WhatsApp, "na 'yan'uwa kaɗan da aka yarda da su". A nan ne aikin gaske yake. A zauren ana magana da murya ɗaya, wanda ya kawo shakka a yi masa ca ko a cire shi, wanda ya fi kowa zafin baki shi ke samun yabo. Tun shekarun 1960 masu binciken halayyar jama'a suka lura cewa idan masu ra'ayi iri ɗaya suka keɓe suna tattaunawa, sukan tashi da ra'ayin da ya fi wanda suka zauna da shi tsauri. Kowa na ƙoƙarin ya nuna bai gaza ba. A hankali sunayen mutane ke sauyawa: maƙwabcin jiya ya koma "munafuki", wata ƙabila ta koma "ƙwari" ko "baƙin haure". Ba a iya sa yaron kirki ya cutar da mutum sai an fara cire wa mutumin sunan mutum.

Lokaci guda kuma ana yanke igiyoyin da suka ɗaure shi da gida. Ba a ce masa ya ƙi iyayensa. Ana ce masa: "Baba mutumin kirki ne, amma bai gane ba. Kada ka ɗaga masa hankali da wannan magana." Limamin unguwa kuma malamin gwamnati ne, abokan ƙwallo 'yan shiririta ne. Ranar da ya fara ɓoye wa mahaifiyarsa allon waya, rabin aikin ya ƙare.

Buƙatun ma da ƙanana ake farawa. Tura wannan bidiyo ga mutum goma. Buɗe mana shafi da sunanka. Karɓi wannan kuɗi ka miƙa wa wane. Ɗauko mana hoton wancan gini. Kowane ɗaya bai kai a ce a'a ba, amma duk wanda ya yi yana canja yadda yake kallon kansa, domin mutum ba ya son ya yarda cewa abin da ya riga ya yi kuskure ne, gara ya ƙara gaskata dalilin da ya sa ya yi. Kuma kowane ɗaya hujja ce da aka adana a kansa.

Inda tarko ke rufewa

Wannan adana hujja shi ne wurin da ƙungiyoyin aƙida suka haɗu da 'yan damfara. Ranar da yaron ya ce ya gaji, muryar "ɗan'uwa" takan canja: muna da saƙonninka, muna da muryarka kana mubaya'a, mun san ajin da iyayenka ke kwana. A ƙasar da ake yaƙi, inda zargin haɗa baki da abokan gaba kaɗai ya isa a tsare mutum a shingen bincike, wannan barazana ba wasa ba ce. Ga 'yan mata kuma an fi bi ta alkawarin aure, sannan hoto, sannan barazanar tura hoton ga dangi.

Mafi munin misalin wannan salo ya fito ne daga Amurka. Wani yaro matashi a jihar Texas ya kafa wata ƙungiya a intanet da ake kira 764, sunan da ya ɗauko daga lambar gidan waya ta garinsu. A 2023 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 80, kuma a Satumbar shekarar hukumar FBI ta gargaɗi iyaye game da irin waɗannan ƙungiyoyi. 'Yan ƙungiyar kan nemo yara masu damuwa a zaurukan wasannin waya, su nuna musu ƙauna, su karɓi hoton da za su riƙe su da shi, sannan su tilasta musu cutar da kansu ko wasu. Ba su da wata aƙidar kirki da suke kira zuwa gare ta, ƙiyayyar ɗan Adam ce kawai da neman suna a tsakaninsu. Abin lura shi ne wasu daga cikin masu cutarwar su ma da farko an cutar da su ne, sai suka ga hanyar da za su daina zama abin farauta ita ce su koma mafarauta. Wannan ya nuna cewa injin yana aiki ko da an cire addini daga cikinsa. Kunya da tsoro da son a san da kai sun ishe shi mai.

Tsagar da ke bangon Hausawan Sudan

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Hausawan Sudan na da tasu tsagar. Kakanninsu sun zo ne ta hanyar aikin hajji tun ƙarnoni da suka wuce, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas har ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar. Sun yi noma a Jazira da Gadarif, sun yi su a koguna, sun haifi 'ya'ya da jikoki da ba su san wata ƙasa ba. Duk da haka har yau akwai mai tambayar su yaushe za su koma gida.

A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile bayan taƙaddama kan neman masarautar gargajiya ta Hausawa, ya sake tashi a Oktoba a yankin Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane sun mutu, dubun-dubata sun rasa muhalli. Hausawa sun fita zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartum da wasu garuruwa. A makonnin nan shafukan sada zumunta sun cika da kalaman ƙiyayya daga ɓangarori daban-daban, da hotunan gawarwaki da ake ta yaɗawa har Kano da Zinder. Yaron da yake ɗan shekara goma sha huɗu a lokacin ya gani, kuma bai manta ba.

Wannan ba ya nufin matasan Hausawan Gadarif sun fi wasu karkata ga tsattsauran ra'ayi. Abin da yake nufi shi ne, duk mai son ya saye su ya san farashin da zai taya: zai ce musu ga inda ba za a sake tambayar ku asalinku ba. Mai kiran jihadi zai ce al'umma ɗaya ce babu iyaka. Mai ɗaukar mayaƙa zai ce riƙe bindiga ne zai tabbatar kai ɗan ƙasa ne. Mai kiran ƙabilanci zai ce ba ka da kowa sai jininka. Harshen ma ya buɗe ƙofa biyu, domin yaron na jin Larabcin Sudan yana kuma jin Hausa, saƙon da aka shirya don matasan Borno ko Diffa yana isa wayarsa kamar yadda na Khartum ke isa. Haka lamarin yake ga ɗan Hausawan Zongo a Kumasi, ko na unguwar Briketeri a Yawunde.

Abin da ke dawo da su

Iyaye da yawa alamar da suke nema ita ce gemu ko yawan zuwa masallaci, kuma nan suke kuskure. Binciken UNDP na 2017 ya nuna fiye da rabin waɗanda suka shiga ƙungiyoyin da kansu sun amsa cewa ba su fahimci littattafan addinin sosai ba, ko ma sam. Wanda ya yi karatu mai zurfi a gaban malami ya fi wuyar ruɗa da aya ɗaya da aka yanko. Alamar da ta fi ƙarfi ita ce yankewa: ya daina cin abinci da 'yan gida, ya bar tsofaffin abokai, yana da waya ta biyu ko kuɗin da ba a san tushensu ba, kuma duk wata magana sai ya raba mutane gida biyu.

Idan aka gano, abin da zuciya ke fara raya wa uba shi ne ya ƙwace wayar ya haɗa da mari. Amma an riga an faɗa wa yaron cewa ranar da gidansu suka sani za su juya masa baya, don haka marin gaskata mai farautar yake yi. Musu kan aƙida ma bai cika yin aiki a farko ba, tunda ba ta ƙofar hujja ya shiga ba. Hukumomin Sudan sun daɗe suna amfani da zaman muhawara tsakanin malamai da matasan da aka kama, kuma ta wannan hanya aka saki da yawa. Zaman na iya warware labarin, amma ba ya ba mutum aiki, ba ya ba shi sababbin abokai. Waɗanda suka fita da kansu, kamar yadda rahoton 2023 ya nuna, mafi yawa sun fita ne don abin da aka yi musu alkawari bai samu ba, musamman kuɗi, ko don sun daina yarda da shugabannin. Wato shakka kan zo da kanta. Abin da ke hana ta zama fita shi ne tsoron cewa babu gidan komawa, ko kuma hujjar nan da aka riƙe.

Shi ya sa jumlar da ta fi amfani daga bakin uwa ko kawu ita ce mai sauƙi: "Ɗana, ko me ka tura musu, ko me suka ce za su fallasa, ka faɗa mini, ba zan kore ka ba." Mai barazana da tona asiri jarinsa ke nan, asirin. Idan an riga an sani a gida, abin da ke hannunsa ya rage daraja. Bayan haka kada a goge saƙonnin, kada a biya kuɗi, a nemi babban da aka amince da shi, malami ko shugaban unguwa, kafin a yanke shawarar inda za a kai maganar, domin a halin da Sudan ke ciki kai yaro hannun hukuma ba tare da mai tsaya masa ba na iya zama wata musibar.

Rahoton na 2023 ya kuma ƙiyasta cewa duk ƙarin shekara ɗaya a makaranta na rage yiwuwar shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da kashi 13 cikin ɗari. A Gadarif, a lokacin da 'yan gudun hijira suka cika makarantu, ba a iya buɗe aji sai an fara samo wa iyalin da ke kwana a cikinsa wani wurin.